Ranar da Anaruwa Ya Je Wankin Wata

Gara in faɗi aibina da bakina kafin wani ya riga ni: ban taɓa isa gayya a kan lokaci ba. Nakan bar gida da kyakkyawar niyya, fartanya a kafaɗa, amma ƙafafuna ba sa kai ni gona sai daidai lokacin da mata ke sauke ƙwaryar fura. Amfanin wannan hali guda ɗaya ne, mai zama kusa da fura yana jin abin da masu aiki ba sa ji. A can na tsinci ƙarshen wannan labari. Farkonsa kuwa, babu wanda bai ji shi ba a Tungar Dogara daga bakin mai shi.

Anaruwa shi ne Sarkin Noman garin, mutum mai faɗin kafaɗa wanda ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba". Abu biyu yake alfahari da su. Na farko irin geron gidansu, wanda ake kira Ɗan Dogara, domin an ce Dogara da kansa, mutumin da ya sari garin, shi ya zo da shi a cikin hularsa. Kowace shekara Anaruwa kan zaɓi manyan zangarniyoyi ya ɗaure, ya rataye a ɗakin girki inda hayaƙi ke korar ƙwari, matarsa Lanto tana lura da su. Yakan ce ko an rufe masa ido zai gane Ɗan Dogara da ƙamshinsa a cikin gero dubu. In ya faɗi haka, Lanto takan ci gaba da hura wutarta.

Na biyu shi ne tsabtar gona. Al'adar garin ce, in ana yankan gero, zangarniyar da ta kuɓuce ta faɗi ba a sunkuyawa a ɗauka. Ta zama kala. Tsofaffin mata su tsinci abin da suka gani da rana, abin da ya rage a bar shi, ba a tambayar wa ke ɗauka. A shekarar da abin ya faru, Anaruwa ya ce ɓarna ce. Ya sa aka tsince gonakin gero kaf, ko ƙwaya ba a bari ba, sannan ya ba kowace tsohuwa dami daga rumbunsa don kada a ce rowa ta sa shi.

Gero ya shiga rumbu, saura maiwa, wadda ita ce abincin gidansa na rabin shekara. Tana gama nuna sai jan-baki suka sauka a yankin, tsuntsayen nan da ke cinye gona kafin mai ita ya gama salati. Da rana kowa yana gonarsa yana kaɗa gwangwani, babu mai taimakon wani. Lokacin gayya ɗaya ne ya rage, wato daren cikar watan kaka, wanda ke fitowa rana na faɗuwa, ba ya barin duhu ya shiga tsakani. Da haskensa ne mutanen garin ke taruwa su girbe gona su ɗaure tun zamanin Dogara. Daren sha huɗu ga wata shi ne na gonar Anaruwa.

Ran sha uku da magariba wata ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Wani mai tallan gishiri da ya iso daga ƙauyen gaba ya rantse cewa a can ya baro shi fari tas, sai da ya tsallake rafin Tunga ya ga ya dusashe.

Anaruwa ya tafi wurin Iya Cima, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa tana kala. Ya same ta tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki.

"Iya, me ya sami wata?"

"Ba a wanke shi ba."

"Wa ke wanke shi?"

"Waɗanda ka hana kala, Sarkin Noma. Kai dai ka ga gona ta yi kyau."

"To ina suke? In magana ce, na iya magana."

"Wannan kam duk gari ya shaida," in ji ta. "Ka bi gambar da ke iyakar gonarka ta gabas, tun raɓa ba ta bushe ba, kada ka waiwaya. Kuma ba sa karɓar abin da ya riga ya shiga rumbu."

A duk gidansa abu ɗaya ne bai shiga rumbu ba. Da asuba ya kwance ɗaurin iri daga ɗakin girki ya saɓa a baya. Lanto ta tsaya a bakin ƙofa.

"Maigida, ina za ka da shi?"

"Zangarniya biyu zan ba su, in sun matsa uku. Ki sa a dama furar mutum arba'in. Yau za a yi gayya."

Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, sai ta ce, "Allah ya kiyaye hanya."

Ya bi gamba. Ta kai masa ƙugu, ta kai masa wuya, ta wuce tsawon kuka, har sararin sama ya koma siririn zare a bisa kansa. Da ya fita ɗaya gefen sai ga wata bishiyar gawo wadda babu ganye ko ɗaya a jikinta, duk abin da ya rufe rassanta jan-baki ne. Suka zubo ƙasa suka tare hanya. A reshen ƙasa wani ɗan tsuntsu da bai fi babban yatsa ba yana zaune, fadawa kewaye da shi.

"Ya kai bil'adama," in ji shi, "ni ne Sarkin Jan-baki. Kai ne mai gonar maiwar nan ta bakin rafi?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Mun zaga ta jiya. Muna yaba maka, an yi noma. Gobe da hantsi za mu zo, mu da iyalanmu."

"Ba za a ɗaga mini zuwa jibi ba?"

"An riga an sanar da yara. Amma mu ba ma cin dare. Abin da ka ɗaure ka kai gida kafin gari ya waye, naka ne. Yanzu sauke mana abin da ke bayanka mu ɗanɗana, sai ka wuce."

Anaruwa ya zaro majajjawarsa daga ƙugu, ya ɗora mata dutse, ya juya ta sau ɗaya a hankali.

Sarkin ya dubi fadawansa. "Wannan mun san ta. Ku ba baƙo hanya."

Bai yi nisa ba ya iso bakin wani kogi wanda ba a hango gaɓarsa ta can. Ruwan ba ya gudu, ba ya motsi, sanyinsa kuma yana shiga haƙori tun daga nesa. A bakinsa wani aljani yana tsugune, gwiwoyinsa sun wuce kansa da kamu goma, yana riƙe da ɓarin ƙwarya mai girman ɗaki.

"Ɗan Adam, wannan Kogin Raɓa ne. Duk raɓar da rana ta ɗauke daga gonakinku nan take taruwa. Ni ne mai fito. Ba na karɓar lada, amma ƙwaryata tana da hali. Ba ta ɗaukar cika baki."

"To ai ba ta da matsala da ni," in ji Anaruwa, ya shiga.

Ruwa ya tsattsafo ta ƙasa ya jiƙa masa tafin ƙafa.

Aljanin ya tura ƙwarya, yana tafiya a gefenta, kogin iyakarsa idon sawunsa. Da suka kai tsakiya ya ce, "An ce kai manomi ne."

"Tun daga Tunga har inda ake jin Hausa, babu wanda ke riƙe garma kamar ni."

Ruwa ya kai masa gwiwa. Ya ɗaga ɗaurin iri ya ɗora a ka.

"Kuma ka san sha'anin gona duka?"

"Ciki da waje."

Ruwa ya kai ƙirji. Sanyi ya kama shi har haƙoransa na kaɗawa, gefen ƙwarya ya yi daidai da fuskar kogi.

"Saura tambaya ɗaya, daga ita sai ƙasan kogi," in ji aljanin. "Kalar da tsofaffinku ke bari, wa ke ɗaukar ta?"

Anaruwa ya nemi amsa a duk kusurwar kansa. Kalmomin da suka zo masa baƙi ne a bakinsa, sai da ya juya su kamar mai tauna tsakuwa. "Ban sani ba."

Ƙwarya ta taso sama kamar an cire mata dutse, ruwan ya tsiyaye. Aljanin ya ajiye shi a gaɓa ya ce, "Ka ga ba ta kashe ka ba."

Bayan kogi akwai gona, dawarta ja kamar garwashi, kowace zangarniya ta kai damtse. A bakin gonar wata aljana tana zaune, gashinta irin gemun masara, ta miƙa masa 'yar wuƙar yanka.

"Babu mai shiga birninmu sai ya yanke kunya guda. Ga taka nan, taku ashirin ce."

Anaruwa ya yi murmushi. Ya kama aiki, hannunsa na tafiya kamar ana kiɗa masa. A zangarniya ta bakwai ɗaya ta kuɓuce ta faɗi. Ya sunkuya ya ɗauka. Da ya ɗago, kunya ta zama taku arba'in. Ya ɗauka idonsa ne. Wata ta faɗi, ya ɗauka, kunya ta zama tamanin. Kafin rana ta take tsaka, ƙarshen kunyar ya ɓace a cikin hazo, bayansa kuma ya fara ba shi labarin shekarunsa.

Ya tsaya yana haki. Wata zangarniya ta sulale daga hannunsa ta kwanta a ƙasa, cikakkiya, mai sheƙi. Ya dube ta. Yatsunsa suka yi ƙaiƙayi, ƙugunsa ya fara lanƙwasa da kansa. Ya ciji leɓe ya tsallake ta. Sai ga wani ɗan hannu, siriri kamar tsinke, ya fito daga ƙasa ya ja ta ciki, kunya kuma ta ragu da rabi. Ya bar ta biyu, ya bar ta uku. Kafin ya bar ta biyar yana tsaye a ƙofar birni.

"Wasu a faɗuwar farko suke ganewa," in ji aljanar.

"Ina gwada gonar ne," in ji Anaruwa.

Ganuwar birnin da karan dawa aka yi ta, gidajen kuma duk rumbuna ne masu ƙafafu, suna matsawa su ba mutum hanya. A tsakiyar gari akwai duwatsun murhu uku, kowanne ya kai tsauni, a kansu kuma an girke wata. Nan yake yini. Yana da fuskoki da yawa kamar jikin abarba, kowace fari fat, aljanu mata a kan tsani suna ɗauraye su. Guda ɗaya ce kawai baƙa, babu kowa a kusa da ita.

Aka kai shi gaban shugabarsu, wadda suke kira Magajiya. Tsohuwa ce ƙwarai, hannayenta farare har gwiwar hannu. Ya durƙusa.

"Ranki ya daɗe, ni ne Anaruwa, Sarkin Noman Tungar Dogara."

"Mun san ka. Kai ne mai shara." Ta nuna watan da haɓa. "Wata na Mai Sama ne, mu masu wanki ne kawai. Duk damina yana ratsa hadari yana kwasar dauɗa. Kowane gari da fuskar da yake juya masa, kuma da ƙullun kalar garin muke wanke ta. Bana mun je Tunga da kwandunanmu, mun dawo da su kamar yadda muka tafi."

"Kuskure ne, ranki ya daɗe, kuma na zo gyara shi." Ya kwance ɗaurin, ya zaro zangarniya biyu ya ajiye a gabanta. "Wannan Ɗan Dogara ne. Biyu daga cikinsa sun fi damin wani."

Magajiya ta ɗauki ɗaya ta shinshina. Ta dubi ta kusa da ita. Waccan ta yi tari ta kau da kai.

"Dogara mun san shi," in ji Magajiya. "Shekara arba'in yana bar mana kala. Ka ce wannan irinsa ne?"

"Ko an rufe mini ido."

"To. Tunda ka ce. Amma biyu ba za su wanke ko gefe ba."

"Uku."

"Ba kasuwa ka zo ba, ɗan Adam. Ɗaurin duka. Kuma ka ji sharaɗin tun yanzu, don ba ma son a ce mun yi ha'inci. Wanda ya ba mu iri, ya ba mu har zuriyarsa. Ɗan'uwansa da ke rumbunka zai ƙosar da mai ci, amma in ka shuka ba zai tsiro ba. Daga bana an gama wannan gero a gidanka."

Anaruwa ya dubi ɗaurin. Ya tuna mahaifinsa yana koya masa zaɓen zangarniya, yana buge masa hannu in ya ɗauki mai rama. Ya kuma tuna bakuna goma sha ɗaya da ke gidansa, da rumbun maiwa da aka share aka shafe yana jira, da alkawarin Sarkin Jan-baki na gobe da hantsi. Inuwar duwatsun murhu ta riga ta miƙe, la'asar ta yi.

"In na ƙi fa?"

"Ka koma da irinka lafiya. Mai fito zai tsallakar da kai. Ka shuka shi da damina, in akwai wanda ya rage a gidanka da ƙarfin riƙe fartanya."

Ya tura ɗaurin gabanta da hannu biyu. "Gero don mutane aka yi shi, ranki ya daɗe. A daka."

Turame goma suka amsa a lokaci guda. Kafin ya share idonsa an sussuke, an sheƙe, an jiƙa, an niƙa, ga ƙullu cike da ƙwarya. Magajiya ta miƙa masa ita tare da soso.

"Masu wankinmu sun gaji, kuma ba su suka share gona ba. Hau."

Ya hau tsanin kara, ƙwarya a ka. Fuskar Tunga ta fi gonarsa faɗi, dauɗar kuma ta kama kamar ƙanzon tuwo. Ya cuɗa. Inda soso ya bi sai haske ya ɓullo, mai sanyi, har yana ganin jijiyoyin hannunsa. Ya wanke tsakiya, ya wanke gefe, ya bi lungu-lungu da irin nacin da ya tsince gonakin gero da shi, domin hali ba ya sauka daga mutum don ya hau sama. Yana kan kusurwar ƙarshe sai ya ji duwatsun murhu sun yi ƙara, tsani ya rabu da ƙafarsa.

"Lokaci ya yi, ba ya jiran kowa," Magajiya ta kira daga ƙasa. "Riƙe gefe da kyau. In ka ga kukar garinku, saki."

Wata ya tashi da shi. Ya ga gonar jar dawa ta koma kamar tabarma, Kogin Raɓa kamar tiren azurfa, mai fito yana ɗaga masa hannu. Ya ga rana tana shiga ta yamma daidai lokacin da su suke fitowa ta gabas. Da kukar Tunga ta zo ƙarƙashinsa ya yi bisimilla ya saki, ya faɗa a kan tarin karan gero a gefen gonarsa.

Mutum arba'in suna tsaye a bakin gona da magirbai, sun idar da magariba, kowa ya ɗaga kai. Wata ya fito ƙato, fari, har ana iya zura zare a allura. Anaruwa ya miƙe daga cikin kara, hannayensa farare har kafaɗa.

"Me kuke kallo? Ba ku taɓa ganin wata ba? A kama aiki. Kuma duk wanda na ga ya sunkuya ya ɗauki abin da ya faɗi, ni da shi ne."

Masu girbi suka shiga gaba, masu yanka suka bi su, masu ɗauri a baya, makaɗi yana zuga kowa da sunan ubansa. Kafin asuba damin ƙarshe ya shiga gida. Da hantsi jan-baki suka zo kamar hadari, suka zaga gonar sau uku, suka tarar da kara. Ko kalar ba su samu ba, an riga su.

Da damina ta zo Anaruwa ya gwada geron rumbunsa a kunya uku. Ko ɗaya bai tsiro ba. Ya karɓi iri a wurin maƙwabci, kuma tun daga ranar babu taron suna ko na ɗaurin aure da bai ba da labarin yadda ya sadaukar da gadon Dogara don garin ya ga haske ba. In ya zo wurin tura ɗaurin gaban Magajiya yakan yi shiru, ya dubi nesa, a ba shi ruwa.

A gayyar bara na isa a kan lokacina na kullum. Lanto tana zuba mini fura, muryar mijinta tana tasowa daga tsakiyar gona, ya kai wurin tsani. Na ce mata, "Gaskiya Sarkin Noma ya yi rashi. Iri tun na Dogara."

Ta ƙara mini ludayi guda, ta dubi hagu da dama.

"Malam, kai dai ba ka aiki, amma ba ka da surutu. Shekarar da na je jinyar innata na yi wata biyu, na dawo na tarar ɓeraye sun cinye ɗaurin nan, sai igiya. Na san in ya gani gidan ba zai zaunu ba. Na je wurin yayana na karɓo zangarniya na ɗaure na rataye. Geron kowa da kowa ne, irin wanda ake ba kaji. Da ya shigo ya shinshina ya ce ƙamshin Dogara ba ya ɓuya."

Wannan ya faru ne shekara tara kafin ya je wankin wata.